RA'AYINMU: Kujerar Da Aka Ci Da Ƙuri'a

Ran 16 ga watan Mayu, 2021, Allah ya yi wa Begum Nasim Wali Khan rasuwa a arewa maso yammacin Pakistan. Jama'arta, watau ƙabilar Pashtun da ke zaune a Pakistan da Afganistan, suna kiranta Mor Bibi, wato Uwa. Mun ga ya kamata mu jawo hankalin masu karatu ga tarihin wannan mata, don akwai abin tunani a ciki ga duk wanda ya ke riƙe da alƙalami a ofis ko alli a aji.

A Mardan aka haife ta. Mahaifinta, Amir Muhammad Khan, yana cikin ƙungiyar Khudai Khidmatgar, wato Masu Yi Wa Allah Hidima, wadda Abdul Ghaffar Khan ya kafa, ta yi jayayya da mulkin Ingilishi ba da makami ba. Cikin 1954 ta auri ɗan wannan shugaba, Abdul Wali Khan. Shekara ashirin da ɗoriya tana cikin gida, ba a jin muryarta a taro, gama a ƙasar Pashtun sha'anin shawarar gari na maza ne kaɗai.

Sai cikin 1975 aka kashe wani babban minista na lardin, Hayat Sherpao, da bom a Peshawar. Gwamnatin Zulfikar Ali Bhutto ta soke jam'iyyar mijinta, ta kama shi da manyan abokansa, ta tsare su a kurkuku. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Matar nan ta yafa mayafinta ta fito, ta shiga gari gari tana lacca, ta tattara magoya bayan da suka watse. Da aka yi zaɓe cikin Maris 1977, ta tsaya, ta kuwa ci.

Nan ne muhimmin zancen ya ke. Tsarin mulkin Pakistan na 1973 ya keɓe wa mata kujeru 10 a Majalisar Ƙasa, amma ba talakawa ke zaɓen masu hawansu ba, wakilan majalisa ne ke yi. Nasim ba ta nemi irin wannan ba. Ta shiga fage ɗaya da maza, ta zama mace ta fari da jama'a suka zaɓa da hannunsu zuwa wannan majalisa. Ba ta kuwa zauna kan kujerar ba, don abokan hamayya sun ce an yi maguɗi, suka ƙaurace wa majalisa, kuma cikin Yuli Janar Ziya'ul Haƙ ya karɓe mulki. Duk da haka abin da aka gani an gani: mazan da a ke cewa har abada ba za su bi mace ba, ga shi sun jefa mata ƙuri'a.

Daga 1988 aka yi ta zaɓenta a majalisar lardi, ta kuma shugabanci jam'iyyar Awami a lardin duka. A zamaninta ne, cikin 1998, jam'iyyar ta fice daga ƙawance da gwamnatin Nawaz Sharif, saboda an ƙi sake wa lardin sunan da Turawa suka laƙaba masa, Lardin Iyaka na Arewa maso Yamma. Sai cikin 2010 bukata ta biya, aka raɗa masa Khyber Pakhtunkhwa.

Amma ba za mu yi ta yabo mu ɓoye gaskiya ba. Da a ce ita ba surukar Abdul Ghaffar Khan ba ce, da wuya a buɗe mata ƙofa. Kuma gidan da ya ɗaga ta shi ya sauke ta: cikin 2005, sa'ad da mijinta ya tsufa, saɓani ya shiga tsakaninta da ɗan mijin, Asfandyar Wali Khan, aka raba ta da shugabanci. Jam'iyyar da ta zama gadon gida ɗaya, rikicin gado ba ya barinta. Ƙofar da ta buɗe kuma ba ta tsaya a buɗe ga kowa ba. Cikin 2015, a wani zaɓen cike gurbi a Dir, cikin lardin nan nata, ko mace ɗaya ba ta jefa ƙuri'a ba. Dokar zaɓe ta 2017 ce ta ba Hukumar Zaɓe ikon soke zaɓe a mazaɓar da matan da suka fito ba su kai 10 cikin 100 na masu jefa ƙuri'a ba, ta kuma tilasta wa jam'iyyu su ba mata aƙalla 5 cikin 100 na tikitin takara.

Mu dai a ganinmu, kujerun da a ke keɓewa, waɗanda tun 2002 suka kai 60, suna da amfaninsu, amma wanda aka ɗora bisa doki bai kai wanda ya hau da ƙafarsa zama daram ba. Wakiliyar da shugabannin jam'iyya suka naɗa, su za ta riƙa duba. Wadda talakawa suka zaɓa kuwa, talakawa za ta duba. Jaruntakar mutum ɗaya takan nuna hanya, amma doka da ilmi su ke share ta. Saboda haka malami da ke da 'yan mata a ajinsa, da akawu da ke rubuta sunayen masu zaɓe, kada ɗayansu ya raina aikinsa. Bai kamata sai an ɗaure mai gida sa'an nan a san uwargida tana da basira ba.

Allah ya jiƙan Mor Bibi, amin.