Masu Sha'awar Mota da Hanyoyin Duwatsu: Ina Iyakar Wasa?

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta fara samun gindin zama a cikinmu. Samari da magidanta masu ɗan hali, waɗanda suke da sha'awar mota, sukan kafa ƙungiya, su tsai da rana, idan Asabar ta zo su wanke motocinsu, su jeru, su nufi inda hanya take da hawa da gangara da kwana-kwana. Ba kasuwa za su ba, ba kuwa biki. Tuƙin kansa shi ne ya fito da su. Mai bin hanyar Akwanga zuwa Jos yakan gamu da irin wannan ayari, wani lokaci na motoci, wani lokaci na manyan babura. Waɗansu iyaye suna ganin almubazzaranci ne kawai. Mu kam ba mu ga laifi ba idan mutum ya ji daɗin abin da ya saya da guminsa. Amma akwai iyaka, kuma domin iyakar nan muke wannan magana, gama ran mutum ne a ciki.

Bari mu fara da inda abin ya daɗe. A Amurka akwai wata hanya mai lamba 129 da ta ratsa duwatsu a kan iyakar jihohin Tenesi da Karolina ta Arewa, wadda suka laƙaba wa sunan da ma'anarsa ita ce Wutsiyar Dodo. Tsawon wannan yanki mil 11 ne, watau wajen kilomita 18, amma kwanar da ke cikinsa 318 ce. Idan aka raba, kimanin kowace mita 55 direba zai murɗa sitiyari. Kowace shekara ƙungiyoyin masu mota ƙirar Mini da masu Mazda Miata sukan taru can su yi kwanaki suna hawa suna sauka. Masu masauki da masu abinci da masu ɗaukar hoto suna cin abinci da wannan taro. Duk da haka, saboda yawan haɗari hukuma ta yi ta rage gudun da aka yarda da shi, har a 2005 ya koma mil 30 a awa, wajen kilomita 48, daga baya kuma aka hana dogayen manyan motoci bi ta wurin. A bakin hanyar akwai wani itace da suke kira Itacen Kunya, inda ake rataye tarkacen baburan da suka faɗi. Wannan fa ƙasa ce mai kwalta lafiyayya da motar asibiti da jirgin ɗaukar majiyyata. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu ma ba a bar mu a baya ba wajen irin waɗannan hanyoyi. Ga Hawan Kibo a ƙaramar hukumar Riyom, inda hanya take haurawa zuwa tudun Jos mai tsayin kimanin mita 1,200, ga kuma ruwan Assop a kusa. Ga hawan Mambila a jihar Taraba, daga Mayo Selbe zuwa Maisamari, a wuce Nguroje har Gembu, ƙasa mai tsayin wajen mita 1,600, mai sanyi da ciyawa da shanu da gonar shayi ta Kakara. A kudu kuma ga hanyar Obudu a jihar Kuros Riba, kilomita 11 na lanƙwasa a kan lanƙwasa. Wanda bai taɓa ganin waɗannan wurare ba bai gama sanin ƙasarsa ba, tafiya kuwa mabuɗin ilimi ce. Ƙungiyar da ta haɗa Bahaushe da Birom da Bayarabe da Tibi, kowa da addininsa, suka ci abinci a kwano ɗaya a Gembu, suka sayi dankali da zuma da nono a hannun mutanen ƙauye, ta yi abin kirki, kuma muna yaba mata.

To, ina matsalar take? Matsalar ita ce hanyar dutse ta kowa ce. A kan kwaltar nan da mai sabuwar mota yake so ya gwada ƙarfin injinsa, akwai tirela mai ɗauke da siminti tana hawa da ƙyar, akwai tankar mai, akwai bas cike da 'yan zumuntar mata masu dawowa daga taro, akwai ɗan acaɓa da buhu biyu, akwai yara masu talla da garken shanu masu ƙetarewa. Babu ko ɗaya a cikinsu da aka tambaya ko ya yarda ya shiga wasan. Sau da yawa mukan ji matashi ya ce, motata ce, kuɗina ne, raina ne. Motarka ce, gaskiya ne. Amma yarinyar da take bayan kwanar nan da tiren ayaba a kai, ran wa ke nan?

Ya kamata mu fahimci yadda abin yake aiki, domin jahilci yana kisa kamar ganganci. Motar da take gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya ga abu, ya ɗaga ƙafa daga totur ya kai kan birki, ya riga ya wuce tsawon tirela. Idan kuma aka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki yake bukata kafin mota ta tsaya tana ninkuwa sau huɗu. Haka yake a kwana: wanda ya shiga da gudun 60 inda ya kamata ya shiga da 40, ya ɗora wa tayoyinsa aiki fiye da ninki biyu. Idan akwai tsakuwa ko man da ya zube daga wata babbar mota, ko an yi yayyafi, taya ta saki ƙasa, sitiyari ba shi da sauran amfani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa ƙarin kashi 1 cikin 100 na gudu yana ƙara haɗarin da ke kai ga mutuwa da kashi 4 cikin 100. A rahotonta na 2023 ta ce mutum wajen miliyan 1.19 ne suke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Gangara kuwa ta fi hawa mugunta. Wanda ya saba da tuƙin Abuja ko Kaduna yakan ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa. Birki yana aiki ne ta wurin gogayya, gogayya kuwa zafi take haifarwa. Man birki irin wanda ake kira DOT 3 yana tafasa a wajen digiri 205 idan sabo ne, amma da yake yana shan laima a hankali, tsohonsa yana iya tafasa a digiri 140. Da zarar ya tafasa, direba zai taka birki ya ji ƙafarsa ta tafi ƙasa, mota ba ta tsaya ba. Maganin abin sananne ne ga tsofaffin direbobi: giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka, ka bar injin ya riƙe motar. Sa mota a firi ko kashe injin a gangara domin tsimin mai wauta ce, gama idan injin ya mutu, ƙarfin da yake taimakon birki da sitiyari yana tafiya tare da shi. A wajen hawa kuma, injin da ba shi da turbo yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta tsayi, saboda iska tana raguwa. Wanda ya fita zai sha gaban tirela a kan Mambila da lissafin ƙarfin da motarsa take da shi a Jalingo, zai tarar ta yi masa nawa a daidai lokacin da wata take tahowa.

Amma babban haɗarin ayari shi ne ayarin kansa. Mutumin da yake tuƙi da hankali idan yana shi kaɗai, da ya ga abokansa sun ɓace masa a gaba sai kunya ta kama shi, ya ƙara wuta domin kada a yi masa dariya a masauki. Na gaba ya sha gaban babbar mota lokacin da hanya take sarari, na biyu da na uku su bi shi a makance. Ga kuma sabon ciwo, watau ɗaukar bidiyo da waya domin a sa a intanet, ido ɗaya a kan kwalta, ɗaya a kan allo. Sauri ya haifi nawa.

Waɗansu za su ce manyan motoci marasa birki da ramukan hanya sun fi 'yan ƙungiya kisa nesa ba kusa ba. Ba mu musa ba, kuma muna kira ga gwamnati ta gyara hanyoyin nan ta sa shinge a bakin ramuka. Sai dai wannan hujja a kan mai gudu take komawa. Idan ka san akwai rami da tirelar da ta lalace an sa mata ganye a bayan kwana, wane dalili gare ka na shiga kwanar da gudu?

Kakanninmu fatake da suke tafiya Gwanja sayen goro sun san yadda ake tafiyar ayari. Akwai madugu mai faɗa a ji, akwai jagaba a gaba, akwai zango da aka sani, ba a kuwa barin kowa a daji. Ƙungiyar mota ta yi koyi da su. Na fari, kafin ranar tafiya bakanike ya duba birki da taya da lagireto na kowace mota, wanda man birkinsa ya haura shekara biyu ya canza. Na biyu, a naɗa madugu mai shekaru da natsuwa, kada kowa ya wuce shi, a sa gogaggen direba a can baya da kayan agaji, a kuma daidaita tafiya da gudun mafi rauni. Na uku, a tsai da zango tun daga gida, domin wanda aka bari a baya ya san za a jira shi. Na huɗu, kowa ya ɗaura bel, ba waya a hannun direba, ba barasa ko kaɗan, a kuma sauka daga dutse kafin duhu ko hazo ya rufe. Na biyar, a sanar da Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, a riƙe lambarta ta gaggawa 122, a tuna kuma gudun da doka ta yarda wa ƙaramar mota shi ne kilomita 80 a babbar hanya, 50 a cikin gari. Wanda ya karya waɗannan ƙa'idodi a sallame shi, ko da shi ne mai motar da ta fi tsada.

Wanda kuma ransa yake son tsere na ainihi, akwai hanyar yinsa. A jihar Kolorado ta Amurka tun 1916 ake tseren hawan dutsen Pikes Peak, kilomita 20 da kwana 156, amma ranar tsere rufe hanyar ake yi, a ajiye likitoci da masu kashe gobara, motoci su tashi ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiyoyinmu su haɗa kai su nemi izinin gwamnatin jiha da sarakunan yankin a ba su fili ko yankin hanya na 'yan awoyi. Idan ba a samu ba, sai a haƙura da tsere a ji daɗin kallon duwatsu.

'Yan'uwa, da yawa daga cikin waɗannan matasa 'ya'yanmu ne da ƙannenmu. Kada mu tsine wa sha'awarsu, amma ranar da za su fita mu tambaye su wane ne madugu, ina ne zango, yaushe aka duba birki. Uwargida ma tana da ikon yin wannan tambaya, gama ita da yara ne suke jira a gida. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya.