FALON DA BA A ZAMA A CIKINSA: INA MASU DUKIYARMU SUKA DOSA?

  

Ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan wata muna so mu ja hankalin al'umma ga wata annoba da ta shiga gidajen manyanmu da attajiranmu, tun daga Maitama da Asokoro a Abuja har zuwa unguwannin masu hali na Kano da Kaduna, wadda saboda a bayan dogayen katangu ake yin ta, ba kasafai masu wa'azi suke taɓa ta ba. Annobar kuwa ita ce ta sabunta falo. Gida ne lafiyayye, rufi ba ya yoyo, bango bai tsage ba, ko ƙafar kujera ɗaya ba ta karye ba, amma sai a wayi gari maigida da uwargida sun ce kayan sun tsufa, an daina yayinsu. Daga nan sai a aika a ɗauko ƙwararren mai tsara adon gida.

Shi kuwa idan ya zo, zai auna ɗakin, ya zana sabon fasalinsa a kwamfuta, ya nuna wa masu gida hotunan falukan ƙasashen waje. Kafin a ankara an ɓalle silin, an ɓamɓare tayil ɗin da aka shimfiɗa shekara uku da suka wuce an maye gurbinsa da marmara, an aika Turkiyya a ɗinko labule, Italiya a ɗauko kujeru, Dubai a sayo fitilar da ke reto a tsakiyar ɗaki. Duka da dala ake biya, ita kuwa dalar da take wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Abin da ya kamata mai dukiya ya lura da shi shi ne, da yawa daga masu wannan sana'a ladarsu wani kaso ne na jimlar abin da aka kashe, ko kuwa ribar da suke ɗorawa a kan kayan da suka sayo. To, wanda ribarsa take cikin yawan abin da ka ɓatar, yaushe zai dube ka ya ce ya isa haka? Sa'an nan shi kansa yayin ba daga sama yake faɗowa ba, ƙirƙirar sa ake yi don ya mutu da wuri. Tun daga shekarar 2000 kamfanin Pantone na Amurka yake sanar da abin da ya kira launin shekara, masu fenti da masu yadi da masu kujeru kuma su bi sahu. Ka ga ke nan mutum yana zaune a Kano, wasu a wata uwa duniya suna yanke masa ranar da labulensa zai zama abin kunya.

Mun san abin da za a ce mana, domin mun sha ji: kuɗina ne, da gumina na samu, kuma Allah Mai kyau ne Yana son kyau. Ba mu musa ba. Musulunci bai haramta gida mai kyau ba, hasali ma hadisi ya lissafa yalwataccen mazauni a cikin abubuwan jin daɗin ɗan Adam a duniya. Sana'ar tsara ɗaki ita ma halal ce a asalinta, wanda ya san yadda zai shigo da iska da haske, ya gyara wa tsoho wurin alwala don kada ya zame, ya ware wa mata mashigarsu, ya yi aikin da za a gode masa. Amma ita dukiya amana ce, kuma ita ce abin da za a yi wa bawa tambaya biyu a kanta ranar alƙiyama, ta ina ya same ta, kuma ta ina ya ɓatar da ita. Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27, ta danganta masu almubazzaranci da shaiɗanu da dangantakar 'yan'uwantaka. Suratul Furƙan, aya ta 67, ta siffanta bayin Allah na ƙwarai da tsayuwa a tsakiya wajen ciyarwa, ba ɓarna ba ƙwauro. A faɗa mana, zubar da kayan da ba su lalace ba don kawai launinsu ya fita daga yayi, a wane ɓangare yake?

Imamu Muslim ya ruwaito cewa Nana A'isha (R.A) ta taɓa rataya wani kyalle a ƙofarta, da Manzon Allah (S.A.W) ya dawo ya gani sai ya cire shi, ya bayyana mata cewa ba a umurce mu da tufatar da duwatsu da laka ba. Ya kuma ruwaito cewa shimfiɗar da ta wuce ta maigida da ta iyalinsa da ta baƙo, rabon Shaiɗan ce. Malamai sun yi bayani cewa abin nufi shi ne abin da aka tara don alfahari, ba don buƙata ba. Sayyidina Umar (R.A) kuwa kuka ya yi da ya ga shaidar tabarma a jikin Fiyayyen Halitta, alhali sarakunan Farisa da Rum suna cikin daula. Wannan shi ne gidan da aka ce mu yi koyi da mai shi. Balle kuma abin da haramcinsa ba shi da ja: mutum-mutumin zaki da na doki da ake girkewa a mashigar falo da sunan ado, da kwanukan zinariya da azurfa da ake ci ake sha a cikinsu. Wal'iyazu billahi.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne abin da falon nan ya kora daga gida. Iyayenmu zaure suka sani. A zaure maigida yake cin tuwo da maƙwabtansa, a nan baƙo yake sauka, a nan ake sulhunta ma'aurata, a nan yara suke biya allo, ƙofarsa kuwa a buɗe take tun daga asuba har bayan lisha. Falon yau an yi shi ne don ido. Yaran gida ba sa shiga kada su ɓata kafet. Ɗan'uwan da ya taso daga ƙauye da ƙurar hanya a ƙafarsa, a benci ake ajiye shi wurin maigadi. Shi kansa maigidan a wani ƙaramin ɗaki yake zama, babban falon yana kulle, na'urar sanyaya ɗaki tana hura wa kujeru iska, har ranar da wani babban baƙo zai zo ya gani ya yaba, ko a ɗauki hoto a watsa a Instagram. Ɗakin da aka kashe wa miliyoyi don mutane su gani su yi magana, in ba alfahari ba mene ne sunansa? Ɗakin da ya hana zumunci shiga kuma, wace albarka ake jira daga gare shi?

Wannan cuta ba yau ta fara ba, kuma malaman ƙwarai ba su taɓa yin shiru a kanta ba. A Andalus, Halifa Abdurrahman an-Nasir ya fara gina birnin Zahra'u kusa da Ƙurɗuba a wajen shekarar 936 Miladiyya. Malaman tarihi sun kawo cewa ya yi wata ƙubba ya rufe ta da tubalan zinariya da azurfa, ya tara fadawansa yana tambayarsu ko sun taɓa jin sarkin da ya yi irinta, suna ta zuba kirari. Sai alƙalinsa, Munziru ɗan Sa'idu al-Balluɗi, ya shigo, hawaye na zuba a gemunsa, ya gaya masa bai zaci Shaiɗan zai kai shi wannan matsayi ba, ya karanta masa ayoyin Suratuz Zukhrufi da suke nuna cewa rufin azurfa da gadaje da adon zinariya abin banza ne a wurin Allah, har da ba don gudun fitinar mutane ba da an bar wa masu kafirce masa su. Halifa ya sunkuyar da kai, ya sa aka sauke tubalan aka mayar da na laka. Birnin kuwa bai cika shekara 80 ba, tsakanin 1010 da 1013 aka wawashe shi a yaƙin basasa, yau kango ne da masu yawon buɗe ido suke ziyarta. Ina Munzirun wannan zamani? Sau nawa ake gayyatar malami buɗe sabon falo, ya yi addu'a, ya karɓi ambulan, ya fita bai ce uffan ba?

An-Nasir dai mai mulki ne, kuma a gidan masu mulki tambayar ta ina aka samu ta fi nauyi. Ko a Ingila, inda ba da Alƙur'ani suke hukunci ba, sun san da haka. Lokacin da Firayim Minista Boris Johnson ya ɗauko wata mai tsara adon gida ta sabunta masa mazauninsa na titin Downing, aikin ya haura fam 112,000, alhali abin da gwamnati take warewa a shekara fam 30,000 ne. 'Yan jarida da 'yan majalisa suka tsare shi da tambayar wanda ya biya cikon, har a Disambar 2021 hukumar zaɓen ƙasar ta ci tarar jam'iyyarsa fam 17,800 saboda rashin bayyana gudummawar da aka karɓa yadda doka ta tanada. Mu kuwa a nan, a watan Yunin 2024 aka buɗe sabon gidan Mataimakin Shugaban Ƙasa a Abuja a kan naira biliyan 21. Wata guda bayan haka aka sanya mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Mai lissafi ya raba ya gani, kuɗin gidan nan albashin wata ne na ma'aikata 300,000. Wannan kuwa a ƙasar da Hukumar Ƙididdiga ta bayyana a 2022 cewa mutum miliyan 133 suna cikin talauci ta fuskoki daban-daban, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa. Idan ma'aikacin gwamnati da kowa ya san albashinsa yana sauya falo duk bayan shekara biyu, haƙƙin al'umma ne ta tambaya, wajibin malamai ne su riga kowa tambaya.

Kada talaka ya zaci wannan ruwa ba zai ci shi ba, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da aka gani a falon Alhaji bana, shi za a nema a ɗakin amarya baɗi. 'Yan jere su je gidan biki su ƙare wa kujeru da labule kallo, su dawo suna auna darajar yarinya da kayan ɗakinta. Uba ya sayar da gonar gado, uwa ta ci bashin adashi, wani ma ya faɗa bashin ruwa, don kada a yi wa 'yarsu gori a dangin miji. 'Yan mata nawa ne suke zaune a gaban iyayensu, ga manemi ga sadaki, amma auren ya tsaya saboda babu kuɗin kujeru? Fasadin da wannan jinkiri yake haifarwa, waɗanda suka ɗaga farashin mutunci suna da kamasho a cikinsa.

Kuma da a ce ƙawar ma a gida ake sayen ta, da mun ce ko ba komai wani ya ci abinci. Ƙasar da ta haifi Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ƙasar magina masu ɗaurin guga da zayyana da shafen makuba, ga kafintoci da masaƙa da dukawa, ita ce yau take jiran kwantena daga teku kafin ta san inda za ta zauna.

Saboda haka muna kira ga masu dukiya su ji tsoron Allah, su gyara abin da ya lalace, su bar abin da yake lafiya. Wanda ya ware kuɗin sabunta falo, ya fara duba zakkarsa, da albashin masu yi masa hidima, da rufin ɗakin mahaifiyarsa, da ajin makarantar unguwarsu da yara suke zaune a ƙasa. Muna kira ga Musulmi masu sana'ar tsara gidaje su yanke ladarsu a kan aikin da suka yi, su ƙi girka abin da shari'a ta hana ko nawa za a biya su, su kuma nemi kayan masu sana'armu na gida. Muna kira ga iyaye mata su daina auna amarya da labule. Malamai kuma su faɗi gaskiya a falon kamar yadda suke faɗinta a kan mumbari.

Kowannenmu yana da wani ɗaki da yake jiransa, wanda ba a kiran gwani ya tsara shi, shimfiɗarsa da fitilarsa aikin da mutum ya gabatar ne. Allah Ya ba mu ikon ƙawata shi tun muna da sauran numfashi, Ya tsare mu daga almubazzaranci da alfahari, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta.