SHARON NA CIN TUMATIR, INA MALAMIN GONA?

Jama'ar Babban Mutum, masu lambu da masu kasa tumatir a kasuwa, da ku muke magana yau. Mun ji mahukunta suna ta nanata cewa rigakafi ya fi magani. To madalla, mun yarda. Amma wa zai yi rigakafin? Talakan da ko kuɗin taki bai haɗa ba?

Wannan tsutsa da manoma suka laƙaba wa suna Sharon, masu ilmi kuwa suke kira Tuta absoluta, baƙuwa ce. Asalinta daga Amurka ta Kudu. A 2006 aka gan ta a Sifen, ta ƙetaro Afirka ta Arewa, ta ratso hamada. A 2016 ta cinye lambunan Kano da Katsina da Jigawa da Kaduna, har Gwamnatin Kaduna ta sa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa kuma ta tsai da aiki don babu abin niƙawa. Shekara goma ke nan tana tafe a fili, ba a ɓoye ba. Ina masu albashin tsaron amfanin gona suke a cikin shekaru goman nan? Ta sake dawowa a 2023 da 2024, ta tarar da mu yadda ta bar mu.

Ku san halinta, don kada a cuce ku. Uwar wani ɗan ƙwaro ne mai tashi da dare, mace guda tana iya zuba ƙwai fiye da 200. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe sai ta shige cikin ganye ta yi ta ci daga ciki, daga nan ta huda ɗanyen tumatir. Cikin wata guda ta girma ta haifi wasu. Don haka ne mutum zai sayar da akuya ya sayi maganin feshi, ya yi ta feshi har kansa ya yi ciwo, tsutsa na kwance lafiya lau cikin ganye. In kuwa ya nace wa magani iri ɗaya, sai ta saba da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: mai lambu ya tsiyace, mai shagon magani ya sai babur.

Alhali dabarun ba na masu kuɗi ba ne. A rufe wurin rainon iri da gidan sauro. In an gama tsinka a tuge karan tumatir a ƙone, kada a bar shi tsaye. A canza shuka da albasa, banda gauta da dankalin Turawa, gama su ma tana cinsu. A kafa fitila bisa daro mai ruwa da ɗan sabulu da dare. Kwandon da ya dawo daga kasuwa a kakkaɓe shi nesa da lambu.

Sai dai fa ƙwaro bai san iyakar gona ba. In ka ƙone naka maƙwabcinka bai ƙone ba, wahalar banza ka sha. Aikin gayya ne, fadama guda rana guda, kuma wanda zai kira gayyar shi ne mai karɓar harajinmu. Mai yankan rasiti ba ya makara ran kasuwa. Malamin gona fa, yaushe rabonku da shi?

Dattawan ƙasar Daura ba su manta da 1975 ba, lokacin da cutar da darɓa ke yaɗawa ta gama da gyaɗar Arewa. Dalar gyaɗa ta Kano ba ta sake miƙewa ba.

Mu dai buƙatarmu ke nan: a turo malamin gona ya zauna a Babban Mutum tun kafin a yafa iri, a raba tarkon ƙwaro kyauta, a hana sayar da magani marar takarda. Ran kasuwa mai zuwa, kowane reshe ya tura mutum biyu wajen kansila su kai masa wannan a rubuce, su karɓo amsa a rubuce.