An bar jaki ana dukan taiki

A wannan mako za mu ɗan ajiye zancen siyasa da na tsadar hatsi, mu leƙa wata gardama da ta daɗe tsakanin masu karatun littafi da masu shirya sinima. Wanda ya jawo ni cikinta wani abokina ne, tsohon mushen lakol, wanda ya karance littafin nan Le Seigneur des anneaux har sau uku cikin Faransanci. Duk ran da aka ambaci fim ɗin da aka yi da littafin, sai ya murtuke fuska ya ce: "Ai sun fid da Tom Bombadil!" Fiye da shekara ashirin ke nan yana wannan ƙorafi, kuma ba shi kaɗai ba ne, yana da abokan kuka masu yawa a Turai da Amurka. Ni kuwa a ganina yana da gaskiyar yin fushi, sai dai ya sauke fushin inda bai kamata ba.

Ga wanda bai san littafin ba, irin labaran almara ne da marubuci ke ƙago duniya sukutum, da taswirarta da sarakunanta da harsunanta da matsafanta. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja ya san ƙamshin irin wannan tafiya, ko da yake wannan ta fi tsawo nesa ba kusa ba. Marubucin, J. R. R. Tolkien, malamin harsuna ne a jami'ar Oksford ta ƙasar Ingila, kuma tsohon soja ne da ya ga yaƙin Somme a shekara ta 1916. Littafin ya fito kashi uku a 1954 da 1955, shafi dubu da ɗoriya, sa'an nan aka fassara shi da Faransanci a 1972 da 1973. Sunansa da Hausa sai mu ce Ubangidan Zobba. Labarin wani zobe ne mai ba da mulki, wanda duk ya riƙe shi sai ya lalata masa zuciya, kuma ba a iya halaka shi sai an jefa shi cikin dutse mai aman wutar da aka ƙera shi a ciki. Wanda aka ɗora wa wannan kaya ba sarki ba ne, ba jarumi ba ne. Wani ne mai suna Frodo daga cikin Hobit, wato wasu gajerun mutane manoma, masu son abinci da shan lofe, mazauna wata ƙasa mai zaman lafiya da ake kira Shire, wadda fassarar Faransanci ke ce wa la Comté.

Tolkien ya sayar wa kamfanin United Artists izinin mai da littafin fim a 1969, ya rasu a 1973. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, haka kuma marubucin da ya sa hannu a irin wannan takarda ya san ba shi da sauran ta cewa. Bayan shekara talatin sai Peter Jackson, mutumin ƙasar Niyuzilan, ya ɗauki fina-finai uku a ƙasarsu, aka nuna su a 2001 da 2002 da 2003. Jimlarsu awa tara da ƴan mintoci. Sun jawo kuɗi kusan dalar Amurka miliyar uku, na ukun kuwa shi kaɗai ya kwashe lambobin yabo na Oscar 11.

To, awa tara ba ta ɗaukar shafi dubu. Dole a yanke, kuma duk mai hankali ya san haka. Shi kansa Tolkien ya sani. A 1958 an kawo masa wani tsarin fim da wasu Amurkawa suka rubuta, ya bi shi daki-daki yana gyara, ransa a ɓace. Amma bai ce kada a yanke ba. Abin da ya nuna shi ne gara a cire abu ɗungurungum da a murɗe shi, har ya ce idan lokaci bai isa ba a jefar da yaƙin kwazazzabon Helm, domin ba shi ne ƙashin bayan labarin ba. Ku dubi ikon Allah: wannan yaƙin da mai littafi ya yarda a jefar, shi Jackson ya shimfiɗa har kusan minti 40 a fim na biyu, kuma shi ne abin da ƴan kallo suka fi yabawa.

Mu koma ga Bombadil na abokina. Wani dattijo ne mai fara'a da yawan waƙa, mazaunin daji, wanda su Frodo suka sauka gidansa a farkon tafiya. Ya karɓi zoben ya sa a yatsa, bai ɓace ba kamar yadda kowa ke ɓacewa, ya yi dariya ya mayar. Babi uku ne ake tare da shi, daga nan ya fita daga tafiyar. Yana da daɗin karantawa, ban musa ba. Amma fim ɗin zane na Ralph Bakshi na 1978 ya tsallake shi, wasan rediyon BBC na 1981 ma ya tsallake shi, labarin kuma bai karye ba. Haka zancen Arwen, gimbiyar da fim ya ba aikin ceton Frodo a bakin kogi, alhali a littafi wani namiji ne mai suna Glorfindel ya tarye su. An zubar da tawada mai yawa a kan wannan ma. Ni dai ban ga abin tada jijiyar wuya ba, tun da littafin ba shi da mata da yawa, kuma mai fim yana so a san matar da sarki zai aura kafin ranar biki.

Ƙorafin da ya fi waɗannan nauyi shi ne na Faramir. A littafi wannan basaraken soja ya kama Frodo, ya gane abin da yake ɗauke da shi, ya kuma ƙi taɓa zoben ya sallame shi. A fim sai aka sa ya yi kwaɗayi, ya tasa ƙeyar Frodo zuwa wajen ubansa, sai daga baya ya sake shi. Masu rubuta fim ɗin sun kare kansu da cewa idan mutum ya ƙi zoben cikin sauƙi, ɗan kallo zai daina jin tsoronsa. Hujja ce ta masu sana'a, amma ta rage wa littafin wani abu, domin Tolkien ya yarda cewa akwai mutumin da tarbiyyarsa ke hana shi miƙa hannu ga mulkin da ba nasa ba, ko da babu mai ganinsa.

Babbar asara kuwa tana can ƙarshe, kuma ita ce abokina bai taɓa ambata mini ba. A fim, bayan an halaka zobe an naɗa sarki, Hobit huɗun sun komo gida sun tarar da Shire yadda suka bar ta, ciyawa kore shar, maƙwabta ba su ma san an yi yaƙi ba. Suka zauna a mashaya suna kallon juna shiru, jama'a na can suna sha'awar wata ƙatuwar kabewa. Wuri ne mai taɓa zuciya, ban hana shi ba. Amma ba haka littafin ya ce ba.

A littafi sun iso da dare sun tarar da ƙofa a kan gada an kulle. An lilliƙa dokoki a bango. An ƙara yawan ƴan sanda, kuma ƴaƴan garin ne aka sa suna kama ƴan uwansu. Akwai wasu ma'aikata da ke zagayawa suna tattara amfanin gona da sunan za a raba daidai, tattarawar ana gani, rabon ba a gani. Magajin gari yana gidan kaso. An sassare itatuwan bakin hanya, har da babban itacen da ake taron biki a ƙarƙashinsa. An rushe tsohon gidan niƙa an gina sabo mai tuttuɗo hayaƙi da zuba ƙazanta cikin kogi. Kuma abin bai faro da baƙi ba: wani ɗan gari ne mai kuɗi, dangin Frodo, ya dinga saye gonaki da gidaje yana fitar da taba waje, har ƴan barandan da ya ɗauko suka fi ƙarfinsa, matsafin nan Saruman da aka kora daga hasumiyarsa ya zo ya hau kansu. Babu Gandalf, babu sarki, babu rundunar da za ta kawo ɗauki. Manoman da kansu suka tashi, aka yi artabu, Hobit 19 suka mutu. Da aka kama Saruman, Frodo ya hana a kashe shi, ko da yake ya kai masa suka da wuƙa a gaban jama'a. Baransa da ya daɗe yana wulaƙantawa shi ya yanka shi.

Tolkien ya rubuta a gabatarwar bugu na biyu cewa wannan babi yana cikin tsarinsa tun daga farko, kuma labarin ba ya cika sai da shi. Ba wuya a gane dalili. Mutumin da ya dawo daga ramukan Somme ya bar abokansa a can ya san cewa ba a zuwa yaƙi a komo a tarar da gida yadda aka bar shi, ya kuma san cewa zalunci ba sai a baƙar hasumiya mai nisa yake zama ba, yana iya zuwa da takardar doka da murmushin maƙwabci. Fim ya ɗauke wannan duka, ya bar ɗan ƙyallinsa kawai cikin madubin sarauniya Galadriel a kashi na farko. Jackson ya ga cewa bayan babban yaƙi ɗan kallo ba zai jure wani ƙaramin yaƙi ba, kuma ta fuskar kasuwa wataƙila bai yi kuskure ba. Har mutuwar Saruman ma an cire ta daga fim ɗin da aka kai gidajen sinima, abin da ya ɓata wa Christopher Lee rai, shi da ya fito a matsayin matsafin. Sai a dogon bugun 2004 aka maido ta, a wani wuri dabam. Akwai masu karatun da suka yi kuka da rashin wannan babi, amma sunan Bombadil ya fi yawo a bakin jama'a. Ɗan marubucin, Christopher Tolkien, shi ya faɗi maganar a fili a hirarsa da jaridar Le Monde a 2012, inda ya nuna cewa an farke cikin littafin an mai da shi fim ɗin faɗace-faɗace na samari.

Me ya sa fushin masoya ke kauce wa irin wannan ya faɗa kan ƙananan abubuwa? Ina tsammanin abin da yawancinmu ke karewa ba littafin ba ne, hoton da muka zana ne cikin kanmu ran da muka fara karanta shi. Wannan ya fito ƙarara a 2022, sa'ad da kamfanin Amazon ya fara nuna wani dogon shiri na talabijin daga duniyar Tolkien, ya sa baƙaƙen fata irin su Lenny Henry da Sophia Nomvete da Ismael Cruz Córdova. Shirin yana da aibobinsa, ana iya sukarsa da hujja. Amma wasu ƴan ga-ni-kashe-ni suka bar wannan suka dira kan launin ƴan wasan da zagi, suna cewa amanar littafi suke riƙewa, alhali Tolkien da kansa ya rubuta cewa wani reshe na Hobit ya fi sauran duhun fata. A 2004 kuwa akasin haka aka yi wa Ursula Le Guin, Ba'amurkiyar da ta rubuta labaran Earthsea tun 1968. Da gangan ta yi jaruminta Ged mai jan fata da duhu, ta bar fararen fata a matsayin maharan da ke zuwa daga nesa, domin ta juya abin da aka saba. Masu talabijin suka ba wani Bature fari fat matsayin Ged. A nan launi yana cikin maganar da littafin ke yi, shi ya sa ita da kanta ta fito ta rubuta cewa an yi wa aikinta farin fenti.

Mu ma nan gida mun ɗanɗana. Littafin Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, ba almara ba ne irin ta Tolkien, tarihin Lugu ne da ayarin Voulet da Chanoine na 1899. Da Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, a Burkina Faso aka ɗauka, kuma sarauniyar Azna ba da Hausa take magana ba. Duk ɗan Nijar da ya gani ya ji wani iri. Amma abin da Mamani ya so ya faɗa, wato mace ta ƙi sunkuyawa a lokacin da sarakuna maza ke sunkuyawa, yana nan cikin fim ɗin bai raunana ba, har ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987.

Na gaya wa abokina cewa kukansa ya karɓu: a 2024 Amazon ta sa Bombadil cikin zango na biyu na shirinta, da hularsa da waƙarsa, ko da yake ta ajiye shi a wani zamani da wani wuri da littafin bai sa shi ba. Bai ji daɗi ba, ya ce ba wannan ba ne nasa. Babin komawa gida kuwa manyan kamfanonin fim ba su taɓa shi ba. Talabijin ɗin ƙasar Finlan ce ta yi shi a 1993, cikin wani ɗan shiri mai kashi tara da aka haɗa da kuɗi kaɗan, da harshen da ni da abokina ba mu ji.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.