KOWA DA KIWON DA YA KARƁE SHI: WANE TUWO YA DACE DA MAI CIWON SUGA?



'Yan'uwa magidanta da iyayenmu mata, tambayar da ta fi yawa a saƙonninku ita ce: mai ciwon suga wane tuwo zai ci? Wani an ce masa alkama, wani acca, wata kuma an ce ta bar shinkafa har abada. Amsata ita ce babu tuwo ɗaya da ya dace da kowa. Jikinka ne zai ba ka amsa, amma fa sai ka iya tambayarsa.

*Asalin maganar*

Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Ummul Munzir cewa Manzon Allah (SAW) ya shiga gidanta tare da Sayyidina Aliyu, wanda bai jima da tashi daga jinya ba. Akwai dabino a rataye. Annabi (SAW) ya ci, amma ya hana Aliyu saboda bai gama murmurewa ba. Da ta dafa sha'ir da ganyen silƙi, sai ya umarce shi da ya ci wannan, domin shi ya fi dacewa da shi. Ka ga dabino ɗaya, mutum biyu, hukunci biyu.

Ibnul Ƙayyim a Zadul Ma'ad ya lissafa abubuwa 20 da gwanin likita yake dubawa, daga ciki akwai shekarun mara lafiya, da abin da ya saba da shi, da garinsu, da yanayin shekara. Ko a nan gida muna gani: Bafulatani ya sha ƙwaryar nono ya wuce abinsa, wani kuwa kofi ɗaya na madara ya kumbura masa ciki har dare.

Masu binciken zamani ma nan suka iso. A 2015, a cibiyar Weizmann ta Isra'ila, an bi sugan jinin mutum 800 na tsawon mako guda. An samu wanda ayaba ta ɗaga masa suga amma biskit bai ɗaga ba, an samu wani kuma akasin haka. A 2020 masana a Landan suka fitar da sakamakon gwajin mutum sama da 1,000, cikinsu har da tagwaye masu kama ɗaya, aka ga ko tagwayen nan jikinsu yakan sha bamban wajen karɓar abinci iri ɗaya. To in Hassan da Husaini sun bambanta, ina kai da maƙwabcinka?

*"Na gwada ya yi mini"*

A nan ne ake halaka mutane. A majalisa bayan Magariba, ko a gidan suna, wani zai ce: wallahi na sha kaza kwana uku suga ya tafi. Sai mai sauraro ya ajiye maganin asibiti ya kama. Bayan wata shida sai ka ji an kwantar da shi da gyambon ƙafa, ko ido ya fara dushewa. Mai ba da labarin ba lalle ƙarya ya yi ba. Amma ciwo yana hawa yana sauka da kansa, kuma mutum ya fi neman magani ranar da abin ya tsananta, washegari ko bai sha komai ba zai iya jin sauƙi. Sannan a makon da ya fara jiƙon ya daina shan lemon kwalba, ya fara takawa zuwa masallaci. To wanne ne ya yi aikin?

Ibnu Sina, a littafinsa Alƙanun wanda ya kammala a 1025 Miladiyya, ya kafa sharuɗɗa 7 kafin a ce magani ya yi aiki. Daga ciki: a gwada shi a kan ciwo guda wanda bai cakuɗa da wani ba, a lura da lokacin da tasirinsa ya bayyana, tasirin ya riƙa maimaituwa, kuma a jikin ɗan Adam za a gwada, ba na doki ko zaki ba.

Likitocin yau suna da abin da suke kira gwajin mutum ɗaya. A 1986, Dakta Gordon Guyatt da abokan aikinsa a Jami'ar McMaster ta Kanada sun wallafa labarin wani mai ciwon asma da ke shan wani magani. Aka riƙa ba shi na gaske kwana goma, da ƙwayar da babu komai cikinta kwana goma, shi da likitan ba wanda ya san wacce ake ciki. Da aka buɗe lissafi, ashe maganin ƙara masa wahala yake yi. Aka janye shi, ya samu sauƙi. Lura da kyau: likita ne ya janye, bayan lissafi, ba a majalisa ba.

*Yadda za ka yi a gida*

Kana buƙatar na'urar auna suga da ake samu a manyan kemis, da littafi ɗan 20, da biro.

1. Abu ɗaya tak za ka canza. Misali tuwon alkama da tuwon dawa. Miya ɗaya, a ce kuka, malmala girma ɗaya, lokaci ɗaya. Uwargida ta auna garin da kofi guda kullum.

2. Auna suga kafin ka sa hannu, ka sake aunawa bayan awa 2 daga lomar farko. Tsakani ruwa kawai za ka sha.

3. Yi karɓa-karɓa: yau alkama, gobe dawa, har kowanne ya zagayo sau 3. Kwana 6 ke nan, tsinken gwaji 12. Sau ɗaya ba ya isa, domin jikinka ma na yau ba na jiya ba ne.

4. Rubuta komai: lambar da ta fito, barcin daren jiya, ɓacin rai, zazzaɓi. Ranar biki ko ranar azumi kada ka sa ta a lissafi.

5. Maganin asibiti ya ci gaba yadda yake, ba ƙari ba ragi.

Abin da ake so ga akasarin masu ciwon suga shi ne kada ya wuce 180 bayan cin abinci, wato 10 a na'urar da ke ba da ƙananan lambobi. In ya sauka ƙasa da 70, wato 3.9, ko ka ji rawar jiki da gumi, sha abu mai zaƙi nan take ka nemi likita.

Da yawa za su ga ashe ba irin hatsin ne matsalar ba, girman malmalar ce. Alkama ma sitaci ce. Wanda ya koma alkama yana tada malmala uku bai tsira ba. Bayan wannan kana iya gwada rabin malmala da ƙarin zogale ko wake, ko tafiyar minti 15 bayan cin abinci.

Mai hawan jini ma haka: mako 2 a rage gishiri da magi, mako 2 a koma yadda aka saba, a sake maimaitawa, ana auna jini kowace safiya bayan an zauna minti 5. Wasu jikinsu ya fi na wasu jin gishiri.

*Iyakar abin*

Wani zai ce: Malam, wannan ai wahala ce da kashe kuɗi. Haka ne, tsinken gwaji ba arha ba ne. Amma kwatanta kuɗin tsinke 12 da kuɗin wankin ƙoda.

Mai juna biyu, da ƙaramin yaro, da mai ciwon ƙoda, da mai yin allurar insulin, kada su fara sai da sanin likita. Abinci ake gwadawa haka, ba jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba, irin wanda ake tallarsa da lasifika wai yana maganin cuta arba'in. Mu da muke Daurawa, Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, ga Asibitin Malam Aminu Kano a bakin ƙofarmu. Ranar ganin likita ka tafi da littafinka, ya fi masa amfani a kan "da sauƙi, alhamdu lillahi".

Kuma abin da ka gano naka ne kai kaɗai. Kada ka mayar da shi fatawa ga jama'a. In ɗan'uwa ya tambaye ka me zai ci, koya masa yadda ake gwadawa. Mu masu ba da magani ma wannan ya hau kanmu: lafiyar mutane amana ce, kuma za a tambaye mu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya sa kaffara ce. A tura wa 'yan'uwa domin su amfana.

Wassalamu alaikum.
Ɗan'uwanku, daga Daurawa, Kano.