Jazira: Na'urar tace hayaƙi tana aiki a masana'anta, amma ba ta isa murhu da rumbun guba ba

Tun da sojojin Sudan suka ƙwace Wad Madani daga hannun dakarun RSF a watan Janairun 2025, jama'a suka fara komawa gida, ana kuma maganar tayar da masana'antun da yaƙi ya tsayar, kamar kamfanin sukari na Junaid da injinan gurzar auduga. Hausawan yankin, daga Mai Wurno, garin da masu hijira suka kafa a gaɓar kogin Blue Nile bayan yaƙin Burmi na 1903, har zuwa sansanonin 'yan ƙwadago da ake kira kanabi, suna cikin masu zaman maƙwabtaka da gonaki da masana'antun nan. Don haka batun iskar da za a shaƙa idan injina suka sake tashi ya shafe su kai tsaye.

Akwai wasu sinadarai masu saurin tashi su bi iska, irin wanda hanci ke ji a warin fetur da fenti da maganin feshi. Ɗaya daga cikinsu, benzin, an tabbatar yana haddasa sankarar jini. Masana'antu na iya ƙona wannan tururi da wuta zalla, amma sai zafi ya kai wajen digiri 800 a ma'aunin Salshiyas, abin da ke cin mai sosai. Hanya ta biyu ita ce a bi da iskar ta cikin wata saƙa mai ƙananan ramuka da aka shafe da filatinam ko faladiyam ko sinadarin manganis. Waɗannan ƙarafa suna sa tururin ya haɗu da iskar oksijin a zafin digiri 300 zuwa 500 kawai, ya koma ruwa da iskar kabon. Shi ƙarfen ba ya ƙonewa, aikinsa hanzarta haɗuwar.

Direbobi sun san ƙanwar wannan na'ura. Ita ce ke cikin salansar mota, wadda kanikawan Najeriya ke kira indomi, ɓarayi kuma ke cirewa saboda tsadar ƙarfenta. A Amurka an fara sa ta a yawancin sababbin motoci tun 1975.

Sai dai na'urar tana da sharaɗi: dole a tattara hayaƙin cikin bututu guda kafin a tace shi. A Jazira kuwa, mafi yawan abin da talaka ke shaƙa a fili yake tashi. Akwai hayaƙin itace da gawayi a madafa, da na janareta, da tururin fetur da ake sayarwa a jarka, da feshin da aka daɗe ana yi wa auduga da jirgin sama a wannan shirin noman rani da aka buɗe a 1925, mai faɗin sama da faddan miliyan 2. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a 2020. Babu bututun da zai tattara wannan.

Matsala ta biyu ita ce tsohuwar guba. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2007 a kan Sudan ya ambaci tarin lalataccen maganin ƙwari da aka jibge a Hasahisa. Magunguna irin su DDT suna ɗauke da kulorin, shi kuwa kulorin yana kashe ƙarfin filatinam, kuma idan ƙonewar ba ta kammala ba tana iya haifar da dayoksin, wanda ya fi na farko haɗari. Irin wannan shara sai tanderu na musamman mai zafin sama da digiri 1,100, tare da gyaran ƙasar da ta jiƙe da ita.

Abin da ya kamata shugabannin al'umma su nema a wurin hukuma kashi biyu ne. Duk masana'anta ko ma'ajiyar mai da za a sake ginawa kusa da ƙauye, a sa mata na'urar tun daga tushe, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ƙari daga baya ya fi tsada. Sauran kuwa aiki ne da ba ya buƙatar filatinam: a killace rumbunan guba, a binciki rijiyoyin da ke kusa da su, a sanar da ƙauye kafin feshi, a sauƙaƙa farashin gas da murhu mai rage hayaƙi.

Wannan lissafi bai tsaya a Sudan ba. Mai fentin mota a Maraɗi da mai sayar da bumburutu a Ƙonni iska iri ɗaya suke shaƙa. Duk wanda ya zo musu da alkawarin na'ura, su fara tambayarsa wane hayaƙi za ta kama, wane kuma za ta bari.