Gwajin yawu ya cancanci zama zaɓin farko

Mutane da dama sun ƙi gwajin korona saboda tsinken audugar da ake zurawa can cikin hanci. Wanda ya ƙi gwaji kuwa yana iya yaɗa cutar bai sani ba.

A watan Agustan 2020 hukumar FDA ta Amurka ta bai wa gwajin SalivaDirect na Jami'ar Yale izinin gaggawa. Mutum zai tofa yawu a kwalba da kansa, babu zafi, babu yi wa ma'aikacin lafiya atishawa a fuska.

Cin abinci dab da gwajin na iya ɓata sakamako, amma gargaɗi ya isa magance wannan. Ya kamata hukumomin lafiya su tanadi wannan hanya tun kafin wata annobar numfashi ta ɓulla.